Malam Abdulƙahhar Ari da Saƙon da Bai Kamata Ya Fita Ba

Da hantsin ranar Talata, 15 ga Zulƙida 1446, daidai da 13 ga Mayun 2025, Allah ya karɓi ran Malam Abdulƙahhar Ari, bayan kwana goma sha ɗaya yana jinyar ciwon ƙoda. Shekararsa arba'in da bakwai. An yi masa sutura a gidansu na gado da ke Fagge, aka sallace shi bayan azahar, aka kai shi makwancinsa. Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma, kowa da ranarsa.

Ni ce Ni'ima, wadda ta yi shekara huɗu a teburin da ke kallon nasa, a ɗan ofishinmu na rubuta manhajar kwamfuta da ke saman bene a Titin Ibrahim Taiwo. Tun ranar Talata ɗalibansa suke ta rubutu a kansa a guruf ɗinmu, kowa da alherin da ya tuna. Aka ce ni ma in rubuta, tunda na fi kowa daɗewa kusa da shi. Yau Alhamis na zauna, kuma ba baƙin ciki kaɗai ke damuna ba. Malam, tsoro nake ji. Akwai abin da na aikata ana gobe za ka rasu, ban gaya maka ba, kuma har yanzu bai gama faruwa ba. Zan faɗe shi a nan. Amma bari in fara da kai, don haƙƙinka ne.

Na zo wurinka da takardar difloma da kuma girman kan wadda ta zo ta ɗaya a ajinsu. Na nuna maka manhajar da na rubuta wa wata makaranta, ina jira ka yaba. Ka daɗe kana karantawa, kana kurɓar shayin nan naka marar sukari wanda babu mai yi maka kwaɗayinsa. Can ka ɗago ka ce, "Ni'ima, aikin nan guda ɗaya sau tara kika rubuta shi. Ranar da kika gano kuskure a ɗaya, wa zai tuna miki da sauran takwas ɗin?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fara naɗe wayar cajina, sai ka ce in zo ranar Litinin ƙarfe takwas, in taho da kofin shayina don naku biyu ne kacal a ofis.

A watan farko ka raɗa min suna Hajiya Gaggawa, kuma ban yi musu ba don na ci sunan. Cikin wannan gaggawar na taɓa goge sunayen ɗaliban aji uku na wata makarantar kuɗi, ana saura kwana biyu a raba sakamakon jarrabawa. Shugaban makarantar ya hauro benen nan yana huci. Ina rakuɓe a bayan kwamfuta na ji ka ce masa, "Mun yi kuskure, Alhaji. Ka ba mu zuwa la'asar." Ba ka ko kalli inda nake ba. Haka ɗabi'arka take har ƙarshe: in aiki ya lalace "mu" ne, in ya yi kyau sai ka ce aikin Ni'ima ne, ko da kai ka gyara rabinsa ina sallah.

Duk ranar Asabar kana koyar da duk wanda ya hauro benen, kyauta, har da waɗanda suka zo shan iskar fanka kawai. Kullum da safe sai ka biya ɗakin mahaifiyarka, Hajiya Gumsu, kun gaisa da Barbarci kafin ka fito. Ita har yau ta ɗauka gyaran rediyo da talabijin kake yi. Maƙwabta su kawo mata rediyonsu da ta mutu, ita kuma ta ajiye maka, kai kuma ka zo da ita ofis ka kwance ta a kan teburinka kana tsaki, ka gyara, ka mayar. Na taɓa cewa me zai hana ka yi mata bayanin sana'arka, ka ce ai tana alfahari da kai a yadda ta sani, me za ka je ka ɓata. Akwai rediyo ɗaya a durowarka yanzu haka, ban san ta wace ce ba.

Babban aikin ofishinmu shi ne manhajar wani ɗakin gwajin jini a Sabon Gari, na wata mata da ake kira Madam Nkechi. Ba zan ambaci sunan wurin ba, don laifin da zan faɗa ba nasu ba ne. Kai ka gina manhajar shekara bakwai da suka wuce, kafin zuwana, kuma a kanta na koyi duk abin da na iya. Dole in ɗan bayyana yadda take, saboda iyalanka da sauran waɗanda ba sana'arsu ba ce su gane abin da na ɓata.

A can sama akwai abin da masu sana'armu ke kira abstract class. Ka sa masa suna Gwaji, don kai da Hausa kake raɗa wa komai suna a cikin kod, wato rubutun da ake gina manhaja da shi. Shi Gwaji ba a yi wa kowa shi. Babu wanda zai shiga wurin Madam ya ce a yi masa gwaji ba a tambaye shi wanne ba. Uba ne kawai, mai riƙe da abin da duk gwaje-gwaje suka yi tarayya a kai, wato sunan mai gwaji da lambar waya da rana da sakamako. 'Ya'yansa su ne na zazzaɓin cizon sauro, na taifot, na sukari, na rukunin jini da sauransu, su ashirin da biyu. Duk abin da aka rubuta a jikin uban, kowane ɗa ya gaje shi, ko ya dace da shi ko bai dace ba.

Sai kuma interface, wanda ka kira AnaIyaAikawa. Shi ba ya aikin komai da kansa, alkawari ne. Gwajin da ya ɗauki wannan alkawari ya yarda zai tsara sakamakonsa ya zama gajeren saƙon waya. Ba ka rubuta alkawarin a jikin uba ba. A jikin 'ya'yan ka bi ka rubuta shi, ɗaya bayan ɗaya, da hannu.

Abin da ya haɗa su shi ne generic method ɗin da ka kira aika. Sau ɗaya ka rubuta shi, amma yana karɓar jerin sakamako na kowane irin gwaji ya tura wa masu shi ta waya. Sai dai ka kafa masa sharaɗi biyu a bakin ƙofa: abin da za a miƙa masa dole ya zama ɗan Gwaji, kuma dole ya zama ya ɗauki alkawarin nan. Kana cewa kamar maigadi ne da bai san fuskar kowa ba, kati kawai yake tambaya. In aka miƙa masa gwajin da ba shi da alkawari, kwamfuta za ta ja jan layi a ƙarƙashin rubutun, ta ƙi haɗa manhajar gaba ɗaya. Kuskuren ba zai ma sauka daga benenmu ba, balle ya isa Sabon Gari. Kullum da ƙarfe huɗu na yamma manhajar tana tattara sakamakon da ya fito ta kira aika, layi bayan layi: aika na zazzaɓi, aika na taifot, aika na sukari, har layi goma sha tara.

Layukan nan goma sha tara sun daɗe suna tsone min ido. Kai ka koya min ƙin maimaita rubutu, ga shi kuma ka jera abu ɗaya sau goma sha tara. Na taɓa tambayarka, ka yi murmushi ka ce in bar su, wata rana za ka ba ni labarinsu. Ka ƙara da cewa, "Uban nan kuma, kada ki taɓa shi sai muna zaune tare." Ba ka rubuta dalili a gefen kod ɗin ba, don kai ba ka yarda da rubuta bayani ba, kana cewa kod ɗin kirki shi ke bayanin kansa. Malam, a nan kam ba ka yi daidai ba, kuma da kana nan da na faɗa maka ido da ido. Amma wannan ba ya wanke ni. Umarninka a fili yake, kuma ni ma ban taɓa zama na tambayi kaina me ya sa 'ya'ya ashirin da biyu suke da layi goma sha tara ba.

Kana asibiti Madam ta sayi sabon inji, ta buƙaci a ƙara gwaji huɗu a manhajar. Na je duba ka ranar Asabar. Ka rame, muryarka ta yi ƙasa sai na sunkuyo nake jin ka. Ka ce, "Aikin Madam fa?" Na ce ina kai. Ka lumshe ido ka ce, "A hankali, Hajiya Gaggawa." Ita ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakaninmu.

A duk shekarun nan babu layi ɗaya da na taɓa kai wa mai aiki ba tare da ka karanta shi ba. Wannan ne na farko. Na zauna ni kaɗai a ofis, na dubi gwaji huɗun da zan ƙara, kowanne da alkawarinsa da layinsa, sai dabara ta zo min. Na ɗauke alkawarin daga jikin 'ya'yan na ɗora shi a jikin uban, sau ɗaya, kowa ya gada. Na tsara saƙon da kaina: cikakken suna, sunan gwaji, sakamako, da Turanci. Na goge layi goma sha taran nan na maye gurbinsu da layi guda, a aika duk gwajin da ya fito. Kwamfuta ba ta ja jan layi ba. Ina za ta ja, bayan na raba wa kowa kati? Na gwada da na zazzaɓi da na sukari, saƙo ya shigo wayata tsaf. Daɗi ya kama ni har na ɗauki hoton allon, wai in ka warke in nuna maka yadda ɗalibarka ta girma. Ranar Litinin bayan ƙarfe biyar na je Sabon Gari na ɗora musu sabuwar manhajar. Washegari da hantsi Anti Zara, matarka, ta kira ni tana kuka.

Jiya Laraba ina zaune a cikin gida wurin mata, ana karɓar gaisuwa. Wajen ƙarfe uku Madam Nkechi ta shigo, ta yafa babban gyale, ta cire takalmi ta zauna a tabarma kusa da Hajiya Gumsu. A Sabon Gari aka haife ta, Hausa a bakinta take kamar kowa. Bayan ta yi gaisuwa sai ta riƙe hannun Hajiya ta ce bari ta ba ta labarin ɗanta.

"Mama, lokacin da Oga Malam zai yi mana aikin nan, kwana uku ya yi a kan bencin jira yana kallon mutane. Ko kwamfuta bai buɗe ba. Har na fara cewa a raina anya mutumin nan ya iya aikin kuwa. Rana ta uku ya kira ni gefe ya ce, Madam, kin lura rabin matan da ke zuwa nan ba lambarsu ake rubutawa a kati ba? Ta miji ce, ko ta yaya, ko ta wanda ya rako su. Ni da nake wurin kullum ban taɓa lura ba. Ya ce akwai gwaji uku da ba zai bari waya ta ɗauka ba, na ciki, da na ciwon hanta, da na HIV. Waɗannan sai mutum ya zo da ƙafarsa an rufe ƙofa an gaya masa. Na ce to zan kafa wa ma'aikata doka. Ya ce a'a, mutum yana mantuwa, zai gina abin yadda ko an so a aika ba zai yiwu ba. Shekara bakwai, Mama, ko sau ɗaya ba mu ji kunya ba."

Mata suka ɗauki kabbara a hankali, ana ta Allah ya jiƙansa. Hajiya Gumsu tana share hawaye, ban sani ba ko ta gane ba labarin rediyo ake ba ta ba. Ni kuwa sai na shiga lissafi. Ashirin da biyu a cire goma sha tara, saura uku. Labarin da ka ce wata rana za ka ba ni ke nan, na ji shi a zaman makokinka daga bakin wata. Kariyar da ka yi wa matan nan ba wani rubutu ba ne da zan gani in kauce masa. Alkawari ne da ka ƙi rubutawa a wuri uku da gangan, ni kuma na zo na cike gurbin ina murna. Na dubi wayata, ƙarfe uku da minti ashirin da biyar.

Ban san yadda na miƙe ba. Na raɗa wa Madam ta zo soro, muka tsaya a bayan ƙofa inda takalman mutane suka taru. Na buɗe baki zan ce mun yi kuskure, yadda ka saba faɗa, sai na ga babu wanda zan haɗa da shi. Na ce, "Madam, na yi ɓarna. Ƙarfe huɗu in ta yi, manhajar za ta aika komai. Har ukun nan." Ta dube ni kamar ba ta ji Hausar ba. Sannan ta zura takalminta, ta ja hannuna muka fita.

Muka tari adaidaita sahu a bakin layi. Madam tana kiran Monica, wadda ke zama a kan kwamfutar wurin, wayar tana ta ringin ba a ɗauka. Ita Madam ɗin ce da kanta ta kafa dokar kowa ya sa wayarsa a durowa lokacin aiki. Ta kira layin wayar ofishin, ana kan magana. Daga Fagge zuwa wurin ba wata tafiya ba ce, amma ranar sai da wata babbar mota mai sauke dilolin atamfa ta tare rabin titi, masu baro da 'yan dako suka cike sauran rabin. Zafi kamar a gasa mutum, ni kuwa sanyi nake ji har cikin ƙashi. Ina kallon mintuna suna sauyawa a fuskar waya, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, wasu ma ba na wurin ba ne. Mun kusa Kasuwar Sabon Gari muka sake cakewa. Saura minti takwas Monica ta ɗauka. Madam ta ce mata, "Kar ki tambaye ni komai. Je ki zare wayar intanet daga bango, ki kashe kwamfutar. Ina kan layi, yi yanzu." Muka ji ƙarar kujera, muka ji takunta, sannan ta dawo ta ce ta zare.

Na jingina da ƙarfen adaidaitar na yi hamdala, hawaye suna zuba. Na ɗauka an tsira. Sai Madam ta juyo a hankali ta ce, "Ni'ima, yaushe kika ce kin sa mana sabuwar?" Na ce Litinin da yamma. Ta ce, "To na jiya fa?"

Wallahi Malam, har zuwa lokacin ban tuna da Talata ba. Ƙarfe huɗun Talata ina zaune a tsakar gidanku da carbi, an dawo daga kai ka ba da jimawa ba. Ina nema maka gafara, abin da na rubuta kuma yana can yana aiki.

Da muka isa na buɗe rajistar saƙonnin da suka fita, Madam tana tsaye a kaina. Saƙo arba'in da shida ne suka fita ranar Talata. Huɗu daga ciki na gwaje-gwajen da ka hana ne. Uku sun nuna ba a ga komai ba, kuma sun isa. Na huɗun na wata mata ne, gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, kuma an ga cutar. Ga sunanta cikakke, ga sunan gwajin, ga sakamakon, yadda na tsara da hannuna. A gefensa an rubuta bai isa ba tukuna.

Na kira kamfanin da muke tura saƙo ta hannunsu. Wata murya mai ladabi ta ce min saƙon ya riga ya bar wurinsu, ba a dawo da shi. Wayar mai lambar a kashe take, ko ba ta cikin ƙasa. Za a yi ta gwada tura shi har tsawon awa saba'in da biyu, in ba a kunna wayar ba sai ya faɗi da kansa. Na roƙe ta, na ce rayuwar mutum ce. Ta ce ta fahimta, amma babu maɓallin da za ta danna. Awa saba'in da biyu daga ƙarfe huɗun Talata, ƙarfe huɗun Juma'a ke nan, wato gobe.

Kafin magariba na mayar da komai yadda ka bar shi. Na cire alkawarin daga jikin uban, na dawo da layukanka goma sha tara, na ƙara huɗu a ƙarƙashinsu. Sannan da gangan na miƙa wa aika gwajin nan don in gani, kwamfuta ta ja jan layi ta ƙi. Na daɗe ina kallon layin. A samansa na rubuta dalili da Hausa da Turanci, dogon bayani irin wanda ba ka so, don wanda zai zo bayana.

Yau da safe ina wurin Madam matar ta zo, don ranar da aka rubuta mata a kati ke nan. Ba zan faɗi sunanta ko unguwarsu ba, kuma na sauya abin da zai sa a gane ta. Ba ta wuce shekara talatin ba. Mijinta ya rasu bara, tana zaune a gidan yayanta da 'ya'yanta biyu. Madam ta shiga da ita ofis ta rufe ƙofa, suka yi kusan awa ɗaya. Ta gaya mata yadda ta saba, ta yi mata bayanin magani, da yadda mutane ke shan sa su rayu su aurar da 'ya'yansu. Madam ta ce ita za ta faɗa mata maganar saƙon, na ce a'a, ni na yi. Da aka kira ni na shiga, na tarar da ita zaune ta haɗa hannu a cinya, idonta ya yi ja amma ta daina kuka. Na durƙusa a gabanta na faɗa mata komai, ban rage ba.

Na ce, "Baiwar Allah, lambar da ke katinki ta wace ce?"

Ta ce, "Ta Yaya ce. Shi ya rako ni ranar Litinin kafin ya wuce tasha. Ya tafi sarin kaya ƙetare, layinsa ba ya aiki a can. Gobe suke dawowa."

Madam ta tambaye ta ko akwai lambar da ake samunsa a can. Ta ce babu, shi ke aron waya ya kira gida in ya ga dama, wani zuwan ma ba ya kira sam. Na ce ƙarfe nawa suke shigowa ƙasa. Ta ce wani lokaci da hantsi suke tsallako boda, wani lokaci sai bayan isha'i, ya danganta da mota da masu duba kaya a hanya. Kuma da sun tsallako kowa wayarsa yake fara kunnawa.

Na kama abin da ya rage min, na ce ko yayan nata mai fahimta ne. Ta ɗago ta dube ni sosai a karo na farko.

"Yaya ba shi da matsala, Malama. Shi ya riƙe ni da yarana, bai taɓa nuna min gajiya ba. Da ni zan gaya masa, a ɗaki, mu biyu, na san ta inda zan fara. Amma Yaya bai yi boko ba. In saƙo ya shigo masa da Turanci, wanda ke kusa da shi yake miƙa wa ya karanta masa da ƙarfi. Su bakwai ne a motar nan, kuma duk 'yan layinmu ne. Ɗaya ma 'yarsa ajinsu ɗaya da tawa."

Ban san me zan yi da hannuwana ba. Ta ce, "Da sunana a ciki?" Na ce e. Ta ce, "Duka?" Na ce duka. Ta gyaɗa kai. Na so ta zage ni, da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ba ta yi ba. Ta miƙe ta gyara mayafinta, ta karɓi takardar asibitin da Madam ta tura ta, ta ninke ta ƙanana ta sa a cikin jaka. Ta kai bakin ƙofa ta tsaya ta ce, "Tun muna yara duk tafiyar da Yaya zai yi ni ke roƙon Allah ya dawo da shi da wuri. Yau ban san me zan roƙa ba."

Malam, ga inda nake. Amanar da ka tsare shekara bakwai ba tare da ka yi shelarta ba, na zubar da ita a yini ɗaya don in burge ka. Ina tsoron gobe. Ina tsoron ranar da za a tsayar da ni a tambaye ni sirrin baiwar Allah nan, wadda ba ta san ni ba, ba ta yi min komai ba. Ina tsoron ranar Litinin da zan hau benen nan in zauna in rubuta wani abu, in ɗago babu mai karantawa. Ku ɗalibansa da za ku ga wannan, in kun tarar da wani wuri a aikin wanda ya riga ku da ya yi muku kama da wauta ko maimaici, ku nemi dalili kafin ku gyara. In mai shi yana raye ku matsa masa ya faɗa muku yau.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Gumsu, wadda ta haifi mutumin kirki ta kuma raine shi a kan kirkin. Allah ya ba ki haƙurin da ya fi ƙarfin wannan rashi. Ina miƙa ta ga Anti Zara, da 'ya'yansa Raudha da Ikhlas, Allah ya zama gatanku, ya raya ku a kan halin mahaifinku. Haka kuma ga dukkan zuri'ar gidan Ari na Fagge da na Maiduguri, da ɗalibansa na ranar Asabar, da Madam Nkechi da ma'aikatanta, waɗanda ni ma nake neman afuwarsu.

Ya Allah, bawanka Abdulƙahhar ya rufa asirin mutanen da ba su san sunansa ba, ka rufa nasa asirin ranar da asirai ke tonuwa. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi, ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi, ka sada shi da rahamarka a Aljannar Firdausi. Kada ka kama shi da abin da ɗalibarsa ta ɓata bayansa, shi ya gina daidai.

Ku kuma da kuka karanta har nan, in kun ɗaga hannu gobe a masallacin Juma'a kuna yi wa Malam addu'a, ina roƙon ku ƙara guda ɗaya. Akwai wata mota a hanya da mutum bakwai a ciki. Allah ya tsare su, kada ko ƙwarzane ya sami ɗayansu, ya kawo su gida lafiya wurin iyalansu. Amma ya Allah, ka tsallako da su bayan ƙarfe huɗu.